Tambaya: akwai abin da zai tsare mai cacar ƙwallo a kan iyakar kuɗin da ya yanka wa kansa?

Baban Sadiƙ, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar waya da ta banki, da kuma malamanmu, a kan lamarin ƙanena wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan cikin Gombe, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma cacar ƙwallo ta waya ta kama shi tun yana ɗalibi. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar kawo maganar nan shi ne, ba kama shi aka yi ba, shi da kansa ya same ni ya ce ya gaji. Ya sha rantsuwa cewa ya daina, amma da zarar albashi ya shiga, aka kuma zo wasannin Firimiya na Asabar da Lahadi, sai ya zuba abin da bai yi niyya ba, idan aka cinye shi kuma ya ƙara zubawa da nufin fanshewa, har kuɗin cefanen wata ya bi sahu.

Ya ce mini ba zai yaudare ni da alkawarin dainawa rana ɗaya ba, domin ya gwada bai iya ba. Abin da yake roƙo shi ne in taimaka masa ya sa wa kansa iyakar da ba zai iya tsallakewa ba, ya ce ya ji cewa a cikin manhajojin kamfanonin akwai wurin da mutum zai ƙayyade abin da zai zuba a rana ko a mako, akwai kuma wasu manhajoji da ke toshe shafukan caca ɗungurungum.

Tambayata kashi biyu ce. Shin waɗannan abubuwa suna aiki a ƙasarmu, ko kuwa na ƙasashen Turai ne kawai? Sannan ni da na san hukuncin caca, idan na zauna da shi muka tsayar da cewa kada ya wuce naira kaza a mako, ban zama mai taya shi saɓo ba? Mahaifiyarmu ba ta sani ba, kuma ba na so ta sani a halin da take ciki na hawan jini.

Mai gyaran waya, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam, Baban Sadiƙ. Allah Ya saka maka da zumuncin da ka riƙe. Zan amsa kashin farko, na biyun na bar wa masu shi.

Abubuwan da ƙanenka ya ji gaskiya ne akwai su. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin caca suna da sashe a cikin saitin asusu inda mutum zai ƙayyade kuɗin da zai zuba a rana, ko a mako, ko a wata, wasu kuma suna ba da damar dakatar da asusun na ɗan lokaci ko rufe shi na watanni. To amma abin dubawa a kowace iyaka shi ne: yaya wuyar cire ta take a lokacin da zuciyar mutum ta hau? Ƙanenka ba ya buƙatar iyaka da safiyar Litinin lokacin da hankalinsa yake kwance, yana buƙatarta ne da daren Lahadi bayan wasa ɗaya ya yanke masa tikiti, wato ya jawo masa asarar abin da ya zuba. Iyakar da zai iya ɗagewa da taɓa waya sau biyu a wannan daren ba ta da wani amfani.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni a kan wannan gaɓar suka gina dokokinsu. A Birtaniya, idan mutum ya nemi rage iyakarsa ana rage ta nan take, amma idan ya nemi ƙara ta sai ya jira sa'o'i 24 sannan ya sake tabbatar da cewa yana so. Suna kuma da rajista guda mai suna GAMSTOP wadda ta fara aiki a 2018, kuma tun watan Maris na 2020 aka wajabta wa kowane kamfanin caca na intanet mai lasisin ƙasar ya shiga cikinta, ta yadda mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya, duk kamfanonin su rufe masa ƙofa na wata shida, ko shekara ɗaya, ko shekara biyar. A watan Afrilu na 2020 suka hana yin caca da katin bashi na banki. Jamus ta fi su tsanani ta wata fuskar, domin tun 2021 ta sa iyakar yuro 1,000 a wata wadda ake lissafawa a haɗe a kan dukkan kamfanoni, ba kowane kamfani da tasa ba. Suwidin na da irin wannan rajistar rufewa tun 2019, Ostireliya kuma ta buɗe tata a 2023.

Mu a nan iyakar da mutum ya sa a kamfani ɗaya ba ta bin sa zuwa wani, kuma buɗe sabon asusu a wani kamfanin bai kai tsawon hutun rabin lokaci ba. Ga kuma batun doka. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, sai a Abuja kaɗai, kuma kowace jiha ce ke da hurumin tsara harkar a cikin iyakokinta. Jihohin da suka haramta caca, irin tamu Bauchi da ke bin shari'ar Musulunci tun 2001, za su iya rufe shago, kamar yadda Hisbar Kano ta rufe shaguna a 2024, amma rufe shago ba ya taɓa manhajar da ke cikin aljihun yaro. Kada kuma a manta cewa kamfanin da ya ba ka wurin sa iyaka shi ne ke cin riba idan ka wuce ta, wato an ba kura ajiyar nama ke nan.

Saboda haka na fi karkata ga toshewa daga cikin wayar kanta. Akwai BetBlocker, wadda kyauta ce, mutum zai zaɓi tsawon lokacin da yake so a toshe masa shafukan caca, daga kwana ɗaya har zuwa shekaru, kuma an ƙera ta ne ta yadda ba za a janye toshewar cikin sauƙi ba kafin wa'adin ya cika. Akwai Gamban da ke irin wannan aikin amma ana biyan kuɗi. Bayan an saka, a gwada buɗe shafukan da yake amfani da su ɗaya bayan ɗaya a gabanka, domin waɗannan manhajoji da jerin sunaye suke aiki, kuma ƙaramin kamfani ko sabo yana iya kuɓuce musu. Idan wayarsa Android ce, a goge manhajojin cacar, a hana saukar da manhaja daga wajen Play Store, a shiga saitin tallace-tallace na Google a rage tallan caca, sannan ya aika STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla, ko da yake wannan ba zai hana kamfanin da ya riga ya ba lambarsa tuntuɓarsa ba. Duk lambar sirrin da aka sa a wannan aiki, kai za ka riƙe ta, ba shi ba.

Almajirin malamai, Azare

Assalamu alaikum. Bayanin ɗan'uwa na Wunti ya gamsar a fanninsa. Game da kashi na biyu, a ganina an haɗa abubuwa biyu ne a cikin tambaya ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Haramcin caca ba wurin saɓani ba ne. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma, sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka yanke maganar, suka umarci a nisance su. Ya kuma inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, alhali bai ma yi cacar ba. Don haka, Baban Sadiƙ, ba na ba ka shawarar ka ware masa wani kaso ka ce wannan na caca ne, ko da naira 200 ce, domin ranar da ka ware, ka ba abin gurbi a cikin kasafin gidansa, kuma shi zai ɗauka cewa matsalar tana ga yawan kuɗin ne kawai. Wasu za su kawo hujjar cewa a hankali aka haramta giya, amma wancan lokacin saukar shari'a ne, hukunci kuwa ya riga ya cika.

Abu na biyun kuma shi ne ka shiga tsakaninsa da kuɗinsa, ka toshe masa hanya, ka riƙe masa lambobin sirri. Wannan ba taya saɓo ba ne, hana shi ne, kuma yana da asali mai ƙarfi. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa wanda ba ya iya tattalin dukiya dukiyar da Allah Ya sa ta zama madogara, ta ce a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a kuma gaya masa magana mai kyau. A kan wannan ne littattafan fiƙihun Malikiyya suka ware babin hajru, wato hana mai almubazzaranci sarrafa dukiyarsa. Yi wa baligi hajru da tilas aikin alƙali ne, amma ƙanenka shi ya nema da kansa, wanda ya mayar da lamarin wakilci, kuma wakilci a kan dukiya halal ne ba tare da an je kotu ba.

Idan ka riƙe kuɗin kuma ya zame ya yi caca da ɗan abin da ke aljihunsa na mota, laifin nasa ne, kai kuma ka rage ɓarnar da za ta faɗa kan matarsa da 'ya'yansa. Ka lura da ƙarshen ayar da ke umarni da magana mai kyau, domin wanda ya kawo kansa idan aka tarbe shi da gori, gobe ɓoyewa zai yi. Ka kuma rubuta duk abin da ya shiga hannunka da abin da ya fita, ku sa hannu ku biyu, saboda amana ce, kuma kuɗi tsakanin wa da ƙane ya sha raba zumunci.

Malamin lissafi, Kumo

Ina so in ƙara wani abu da masu sa iyaka ba su cika lura da shi ba. A ɗauka wasa ne da damar kowane ɓangare rabi da rabi ce. Ninkin da ya dace a biya shi ne 2.00, wato a ba wanda ya ci biyun abin da ya zuba, amma kamfani zai ba da kamar 1.90 a kowane ɓangare, wanda ke nufin duk naira 1,000 da aka zuba, abin da ke dawowa a matsakaicin lissafi 950 ne. Wannan ba ya tsorata kowa. Sai dai yaranmu ba wasa ɗaya suke bugawa ba, jera wasanni suke yi a tikiti guda don ninkin ya yi tsawo, kuma rabon kamfani yana ninkuwa da kowane wasan da aka ƙara. Tikiti mai wasanni 10 irin wannan, abin da ke dawowa daga naira 1,000 bai cika 600 ba, mai wasanni 20 kuwa kusan 360 ne.

Sannan iyakar zuba kuɗi tana ƙirga abin da ya fito daga banki ne kawai, ba ta ƙirga abin da mutum ya ci ya sake mayarwa. Wanda ya zuba 5,000 ya ci 40,000 ya bar su a cikin asusun, zai iya ƙarar da su a dare ɗaya a wasannin kwamfuta da ake kammalawa cikin mintuna kaɗan, ko wasan jirgin nan da ke tashi yana faɗuwa, kuma a takarda bai keta iyakarsa ba. Iyakar tana jinkirta asara ne, ba ta juya lissafin. Idan zaɓi ya kasance tsakanin ƙayyade kuɗi da rufe asusu, rufewa ce daidai, kuma a zaɓi wa'adi mafi tsawo da kamfanin ya yarda da shi, bayan an cire duk abin da ya rage a ciki.

Maman Hanifa, Tudun Wada, Gombe

Sallama gare ku baki ɗaya. Ni sana'ar POS nake yi, kuma abin da nake gani a bakin shago ya sa nake ganin duk maganar waya tana bayan maganar kuɗi. Mutumin da aka toshe wa wayarsa zai ari ta abokinsa a gidan kallon ƙwallo, ko ya miƙa wa wani tsabar kuɗi ya buga masa, ko ya zo wurin irinmu ya ce a tura masa kuɗi zuwa wani asusu ba tare da ya faɗi na mene ne ba. Abin da ba zai iya ba shi ne zuba kuɗin da ba ya hannunsa.

A Birtaniya wasu bankuna, irin Monzo tun 2018, suna da maɓallin da ke hana kati biyan kamfanin caca, kuma wanda ya kunna shi sai ya jira aƙalla sa'o'i 48 kafin a kashe masa. Mu abin da ke hannunmu shi ne rage yawan kuɗin da za a iya turawa a rana daga manhajar banki, da zuwa reshe a nemi a kashe tura kuɗi ta lambobin USSD, da ajiye katin ATM a wurin wani. Ku yi duka ukun, amma ku sani mai asusu yana iya mayar da su idan ya je banki da katin shaidarsa, saboda haka dabara ce ta jinkirtawa. Ku kuma zauna ya lissafa maka duk asusun da ya buɗe da BVN ko NIN ɗinsa, har da na OPay da PalmPay da Moniepoint da makamantansu, domin yawancin kuɗin caca ta irin waɗannan ƙananan asusun yake bi, ba ta asusun albashi kai tsaye ba.

Shawarata ta fi ƙarfi a kan ranar albashi. Kuɗin kada ya kwana. A ranar da alat ya shigo, a sayi masara da shinkafa da mai da sauran kayan abinci na wata a kai gida, a biya kuɗin makarantar yara da na haya, a zuba adashi a wurin uwar adashin da ta san ba shi za a ba kwasa ba, sai kai ko matarsa. Abin da ya rage a riƙa ba shi na mako-mako a hannu. Akwai manhajojin ajiya da ke kulle kuɗi zuwa wani wa'adi, kamar SafeLock na PiggyVest, amma suna biyan kuɗin ruwa, wanda ke gudun riba sai ya nemi tsarin da babu ruwa a ciki ko ya tambayi bankuna irin Jaiz da TAJ.

Abin da na fi jin tsoro shi ne manhajojin bashi. Mai caca idan aka tsuke masa hanyar kuɗinsa, can yake nufa, kuma suna ba da kuɗi cikin mintuna da ruwa mai nauyi, idan ya kasa biya wasunsu su bi lambobin da ke wayarsa suna tozarta shi, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara kai musu samame tun 2022. Ka tambaye shi yau ko akwai bashi a kansa, ka kuma sake tambaya bayan kwana biyu, domin da wuya a faɗi duka a zaman farko. Sannan, Baban Sadiƙ, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ɓoye wa Hajiya yana da dalili, amma matarsa ya kamata ta sani. Ita ce ke ganin lokacin da ya raba dare yana latsa waya, kuma ita ce za a fara ranta wa kuɗin sana'arta ko a sayar da abin hannunta idan abin ya dawo.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi

Duk abin da aka faɗa yana da kyau, sai dai ina roƙon kada a tsaya a kan kayan aiki kaɗai. Ƙara zuba kuɗi don fanshe asara, da yawan yunƙurin dainawa ana kasawa, da taɓa kuɗin da iyali suka dogara da shi, suna cikin alamomin da likitoci ke dubawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa matsalar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye tun 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a cikin cututtukan ɗabi'un da ke kama mutum ya kasa dainawa a kundinta da ya fara aiki a 2022. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Sau da yawa akwai damuwa ko rashin barci a ƙarƙashin cacar, idan ba a kula da su ba sai a toshe wannan ƙofa su ɓullo ta wata.

Makonnin farko bayan an toshe komai yakan yi saurin fushi da rashin sukuni, kada ku ɗauka taurin kai ne. Idan kuwa ya fara maganar cewa gara ya mutu, ko ya zama nauyi a kanku, kada a jira gobe, a kai shi asibiti a ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Baban Sadiƙ, Jekadafari, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta masa amsoshin nan, ya amince da rufe asusun maimakon ƙayyade kuɗi, ya kuma amince a sanar da matarsa, amma ya ce shi zai gaya mata da bakinsa ni ina zaune. Maganar bashi kuwa, Maman Hanifa, akwai shi, muna kan lissafawa. Abin da ya rage mini shi ne wayar: makarantarsu ta WhatsApp take aika musu sanarwa, yana kuma shigar da sakamakon ɗalibai ta intanet, don haka ba zai yiwu a mayar da shi kan ƙaramar waya mai maɓalli ba. Idan ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ba duk abin da muka saka zai goge ba?

Mai gyaran waya, Wunti, Bauchi

Zai goge, kuma babu manhajar da za ta hana wanda ya ƙudurta yin haka. Amma akwai abin da za ku yi. Wayar Android idan aka goge ta ta bayan fage, wato ba ta cikin saiti ba, ba ta buɗewa sai an shigar da asusun Google da ke kanta kafin gogewar, saboda haka ku canza lambar sirrin wannan asusun ka riƙe ta, ku kuma mayar da lambar wayar da ake aika saƙon farfaɗo da asusun zuwa taka. Idan kuma ta cikin saiti ya goge, wayar za ta dawo babu manhajojinsa da hotunansa, ba zai iya shiga tsohon asusun ba sai ya zo wurinka, don haka ba abu ne da zai ɓoyu ba. Ku sa rana ɗaya a mako da zai miƙa maka wayar ka duba cewa toshewar tana nan, ka kuma duba bayanan shige da ficen kuɗi na duk asusun da ya lissafa maka, musamman ranar Litinin, bayan wasannin Asabar da Lahadi.